Ranar da Aka Yi Ruwan Kabeji

Ƙanena Isamu ya sauko daga motar haya da jaka ɗaya da baki goma. Tun bai kaɗe ƙanƙarar takalminsa ba ya sanar da ni cewa wahalata ta ƙare. Ya zo ya buɗe mini hanya, in ya gama da tawa kuma zai buɗe ta ƙauyen gaba ɗaya, kyauta, don mutane su ga yadda ake aiki da kai ba da ƙashin baya ba.

Maganar ɗana Noboru ce ta kawo shi. Tun da maigidana ya rasu Noboru yake matsa mini in rufe gidan nan in koma wurinsa a Tokyo, wai ya ware mini ɗaki ɗaya, mai taga da ke kallon bangon wani. Na ce nan aka kawo ni amarya, daga nan za a fitar da ni. Da ja-in-ja ta yi yawa sai muka yi sharaɗi. Zai zo ranar Lahadi. In ya tako daga titi zuwa ƙofata bai nutse ba, ya ƙyale ni. In ya tarar hanya a toshe, in ɗaure kayana. Maƙwabta suna taya ni da shebur, amma mai ƙuruciyar cikinsu ma da sanda yake tafiya, ƙanƙarar bana kuwa ta kai saman taga.

Isamu tun yana saurayi ya bar ƙauye. Aikinsa a birni shi ne tsayawa bakin wurin ajiye motoci da jar sanda yana nuna wa direbobi inda za su tsaya. Amma in ka ji yana ba da labari, sai ka rantse shi ya ƙera jirgin ƙasa.

Ko shayi bai shanye ba ya ce in ba shi makullin rumfa. Can injin kwashe ƙanƙara na marigayi yake a lulluɓe, ja, da haƙoransa a gaba da bututunsa a sama. Marigayi yana kula da injin nan fiye da yadda yake kula da ni, ban kuma taɓa jin haushi ba, don injin ya fi ni saurin yin fushi. Na gaya wa Isamu cewa fetur ɗin da ke ciki tun na ranar da marigayi ya kwanta ciwo ne, ya zubar ya sa sabo. Ya ce fetur ba miya ba ce da za ta yi tsami. Ya shiga, ya ja ƙofar rumfa ya rufe don sanyi.

Ina daga kicin ina jin yana jan igiya, injin na tari, shi yana zagin wanda ya ƙera shi. Can da ya gaji ya faki idona ya tsiyaye tsohon ya zuba sabo, injin ya tashi. Na ji ƙarar injin, na ji, na ji, amma ban ji muryar Isamu ba. Shirun Isamu kuwa ya fi kowace ƙara tayar da hankali. Na je na wangale ƙofar, hayaƙi ya yi mini maraba, ga ƙanena yana rarrafowa, fuska kamar ɗanyen ganye. Na kashe injin, na ja shi waje da ƙwalar riga. Da ya gama amai a kan ƙanƙara sai ya ce da gangan ya durƙusa, yana sauraron muryar injin ne ta ƙasa, haka ƙwararru suke yi.

Da yamma ina girki ya fita duba fili. Kowa ya san kafin ƙanƙarar fari ta sauka muna kafa dogayen gora da jan ƙyalle a kai, don in komai ya rufe mu san inda komai yake. Wannan bakin kwata ne, wannan dutse ne, waɗancan na layin kabejin maƙwabciyata Mitsue ne, waɗancan kuma na kududdufin kifin maƙwabcina Sadao. Shi ma Isamu a kan wannan ya tashi, amma birni ya wanke masa kai tas. Ina fitowa na tarar ya tuge su duka, nawa da na maƙwabta, ya ɗaure su dami guda kamar itacen girki. Wai hanyarmu ta karkace ne don muna bin sanduna kamar makafi. Shi miƙaƙƙiya zai yanka, daga ƙofa zuwa titi, kamar an ja zare.

Na ce ya mayar tun ramukan suna nan. Ya ce da safe. Kafin safe sama ta sake zubowa, fili ya zama fari fat kamar ba a taɓa kafa komai ba.

Ranar Lahadi ya fito cikin kwat ɗin birni da dogon mayafin wuya na ulu har gwiwa, ya zagaya da shi sau biyu. Ashe tun jiya ya bi gida gida ya gayyaci mutane kallo. Tsofaffi suka fito suka jeru a kan tudun ƙanƙara, hannu a cikin hannun riga. Mitsue, maƙwabciyata ta dama, wadda harshenta ya fi wuƙar kabejinta kaifi, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɗan birni, ɗaurin aure za ka ko aiki?"

"Ki dai buɗe ido, Mitsue. Yau za ki ga abin da ba ki taɓa gani ba."

"Na san ka tun haƙoranka ba su fito ba, na kuma ga lokacin da suka zube. Ina sandunan gorar da na kafa?"

Ya ce mata suna wuri mai kyau, ya ja igiya.

Abin da ya fara mantawa shi ne ya duba inda bututun ya dosa. A nan kuwa ƙanƙarar kowa tasa ce. Ka iya cin shinkafar maƙwabcinka a yafe maka, amma ka zuba masa ƙanƙara a fili, jikokinku ma sai sun ji labari. Injin ya ci lomar farko ya feso ta kai tsaye barandar Sadao, maƙwabcina na hagu, ya share kifin da ya shanya, ya cika masa takalma, ya haɗa da tsakuwa guda da ta shige ta gilashin taga. Sadao mutum ne da sai ya gama taunar magana kafin ya fitar. Ya dubi tagar, ya dubi Isamu, ya tambaye shi ko wannan na cikin aikin kyautar ne ko kuwa za a biya daban. Isamu ya ce iska ce ta juya. Ko ganye ba ya motsi.

Ya murɗa bututun ya ci gaba. Bai yi nisa ba injin ya shaƙe, don ƙanƙarar jiƙaƙƙiya ce, ta toshe bututun kamar tuwo a maƙogwaro. Sai na ga ƙanena ya cire safar hannu, ya naɗe hannun kwat, injin na kunne, yana shirin zura hannu. Ludayin miya ne a hannuna. Ban san lokacin da na iso ba, na dai ji ƙarar ludayi a bayan hannunsa.

"Yaya, a gaban mutane?"

"Da yatsu goma uwarmu ta haife ka. Da goma za ka je ka same ta. Kashe shi, ka zare makulli, ga sanda nan a maƙale a jikinsa."

Ya ce ai yana gwada ni ne ya ga ko ina lura. Mitsue ta ce da na bar shi, ko ba komai da ya rage abin nuna mutane. Ya kashe, ya tsokale da sanda yana gunaguni, aka sake tashi.

Taku kaɗan, tun da babu gora, injin ya kai wa dutsen bakin kwata cizo. Aka ji ƙas, haƙora suka tsaya. Wata 'yar ƙusa ce ta karye, irin wadda aka yi ta musamman don ta karye. Marigayi yakan ce ita ce mai ɗaukar duka don cikin injin ya tsira, shi ya sa ya tara su a gwangwani a rumfa. Na kawo gwangwanin. Isamu ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, ya ce wannan ita ce damfarar da ake yi wa ƙauyawa, a sayar maka da ƙusa mai taushi don ka yi ta komawa kanti. Ya je ya kwance wata baƙar ƙusa mai kauri daga ƙofar rumfa, ya buga ta da guduma har ta shiga, ya ɗaga kai ya sanar da jama'a cewa daga yau har abada injin nan ba zai ƙara karya ƙusa ba. A nan kam ya faɗi gaskiya.

Ƙofar rumfar ta faɗi a bayansa. Bai waiwaya ba.

Yanzu sai yatsunsa suka fara ƙanƙarewa, don safar tasa ta gayu ce. A hannun injin akwai ƙarfen da dole ka matse, in ka saki, tafiya da haƙora su tsaya cak. Ko yaro ya san don me. Isamu ya ce wannan ma wahala ce ta marasa dabara. Ya zaro tawul daga aljihu ya ɗaure ƙarfen tam, ƙulli biyu. Na ɗaga murya, ƙarar injin ta cinye. Injin ya kama hanya shi kaɗai, Isamu na biye da shi a baya hannu a aljihu, yana juyowa yana sunkuya wa 'yan kallo kamar wanda ya gama rawa.

Sunkuyawa ta uku ya ɗago ya ga injin ya bar shi. Gefe ɗaya ya hau tudu, ya karkata dama, ya nufi filin Mitsue.

Mitsue tun kaka take jera kabejinta a ƙasa ta bar ƙanƙara ta rufe, don sanyi ya zaƙaƙa shi. Ba ta taɓa ko ɗaya sai tsakiyar hunturu, lokacin da masu saye ke hawowa daga gari suna roƙo. Duk ƙauyen nan babu mai kabeji irin nata, ita ma ta sani, ba ta kuma bari a manta.

Da farko fari ke fita daga bututun. Sai ya fara sirkawa. Sai ya koma kore shar. Kabeji ya tashi sama a yanke siriri, yankan da ko amarya mai son a yabe ta ba za ta iya ba, ya yi baka a sararin sama ya fara sauka a kan hulunan tsofaffi, a kan rufin Sadao, a cikin tukunyar miyata da na bari a bakin ƙofa. Wani tsoho ya ɗauki ɗaya daga kafaɗarsa ya tauna, ya ce lallai na bana ya yi zaƙi.

Mitsue ba ta yi ihu ba. Ta sauko daga tudu a hankali, ta ɗauki shebur, ta tunkari Isamu. Shi kuwa da ya ga haka sai ya tuna yana da injin da zai tsayar. Maimakon ya bi ta baya ya kwance tawul, sai ya zagayo ta gaba, ya ware hannu zai tare shi kamar saniya. Santsi ya kwashe shi gefe, jelar mayafin ta faɗa bakin haƙora. Abin da ya cece shi, naɗawa ya yi bai ƙulla ba. Injin ya ja, Isamu ya juya, ya sake juyawa kamar mazari, mayafin ya bar wuyansa ya shige, ya fito ta bututu guntu guntu, ya bi kabeji.

Ya miƙe yana tangaɗi ya bi injin da gudu, Mitsue na bin sa da shebur, ni ina bin Mitsue. Injin ya gama da layin kabeji, ya yi kwana a kan tudu, ya ratsa ta gaban ƙofata, ya shiga filin Sadao. Sadao ya ce, a hankali kamar kullum, da sandunansa suna nan da an san nan ne bakin ruwa.

Kududdufin Sadao ba ya daskarewa, ruwan dutse ke shiga ta nan ya fita ta can, ciki kuwa manyan kifaye ne masu ja da fari da yake kira da sunaye. Ƙanƙara ta yi masa leɓe ta rufe gefen. Injin ya hau leɓen, leɓen ya rufta, haƙora suka kama dutsen gefe. Ƙusar Isamu ta cika alkawari, ba ta karye ba. Cikin injin ne ya fashe, da wata ƙara da har yanzu nake ji a haƙorina. Ya kifa cikin ruwa ya yi shiru. Isamu da ke tafe da gudu bai sami abin riƙewa ba, ya bi shi.

Aka jawo shi da manjagara, ƙafa ɗaya ta gurɗe. Sadao ko kallonsa bai yi ba, ya durƙusa ya toshe mafitar ruwa da buhu, yana kwashe kifayensa a bokiti kafin mai ya kai gare su, yana ba kowanne haƙuri da sunansa.

Ana cikin haka muka ji murya daga wajen titi. Noboru ne. Ya ajiye mota, ya tako, ya nutse har ƙugu, ya sake takowa ya nutse har ƙirji. Ya iso ƙofa da rarrafe, takalmi ɗaya ya ɓace, ganyen kabeji a kan gira. Ya dubi ramin da injin ya yanka, wanda ya je ko'ina ban da titi. Ya dubi ƙofar rumfa a ƙasa, da tagar Sadao, da hannun injin babansa da ya leƙo daga ruwa da tawul a ɗaure. Sharaɗi sharaɗi ne. Na shiga ɗaki na shimfiɗa zane, na fara ɗora kaya. Na sauko da hoton marigayi, na goge shi da hannun riga, na ce masa ya yi haƙuri, ni da injinsa rana ɗaya muka kifa.

Da na fito da ƙullin, maƙwabta sun cika ɗakin zama, an naɗe Isamu da barguna a gaban murhu, ƙafa a kumbure kamar kabewa, haƙora na kaɗawa amma baki bai mutu ba. Yana bayani cewa injin tsoho ne, ba a kula da shi ba, kuma ƙasar filin ba daidai take ba. Da ya ga ƙullina sai ya gyara zama.

"Yaya, ki tafi hankali kwance. Ai na saki ɗakin hayata na birni. Ni zan riƙe gidan nan. Ƙafata na warkewa zan ari babban injin ƙungiyar manoma, wanda ake hawa, in gama aikin da na fara."

Na ga Sadao ya ajiye kofin shayi. Na ga Mitsue ta dubi Sadao, Sadao ya dubi sauran. Ban taɓa ganin ƙauyen nan ya haɗa kai da sauri haka ba, ko ranar da kogi ya ci gada.

Mitsue ta matsa kusa da Noboru, da murya mai taushi da ban san tana da ita ba.

"Ɗana, ɗaki nawa ka ce ka ware?"

"Ɗaya, Inna Mitsue."

"To mutum ɗaya za ka ɗauka. Ka dube su da kyau su biyun nan. Wanne ne ba zai iya zama shi kaɗai ba?"

Sadao ya ce shi zai riƙa kwashe daga titi zuwa kwata kowace safiya, ko da zai mutu a kan shebur. Wani ya ɗauki daga kwata zuwa dutse. Mitsue ta ce bakin ƙofa nata ne. Wanda jikansa ke tuƙa injin ƙungiya ya ce zai sa shi ya riƙa biyowa duk ranar da ta yi nauyi. Noboru ya ce ai yanzu ma hanyar a toshe take, kuma ƙafar Kawu tana son likita, ya za a yi a kai shi mota.

Bai rufe baki ba tsofaffi suka miƙe. Mutanen da ke cewa ƙugu, ke cewa gwiwa, na ga suna jifa da ƙanƙara kamar samari. Kafin ruwan shayi ya sake tafasa an yanka hanya daga ƙofata har titi, mai faɗi, a share. Aka ɗora Isamu a kan katakon da muke jan itace, aka ja shi, yana ba da umarni a bi a hankali a kwana. Ya gaya wa Noboru cewa ya amince ya bi shi ne kawai don ya ga gidansu na birni yana buƙatar mai ido a kan na'urori. Na ga fuskar ɗana ta canja, amma an riga an rufe ƙofar mota, Mitsue da kanta ta rufe.

Na zura hannu ta taga na ɗaura wa Isamu mayafina a wuya, na cusa jelar cikin kwat. Ƙanena ne, ba ni da wani. Na sa masa ƙullin shinkafa a cinya, na ce ya riƙe da hannu biyu, kada ya taɓa komai a motar. Noboru ya dube ni, ya dubi hanyar, ya ce sai bazara.

Na koma na kwance ƙullin kayana, na mayar da marigayi bango. Washegari da safe na ji shebur a bakin ƙofa, kowace kwasa da zagi guda. Na leƙa da kofin shayi zan yi godiya.

Mitsue ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ajiye nan, Fusae. Kar ki gode mini. Ki dai yi ta shan maganinki a kan lokaci, don ranar da kika mutu Isamu ne zai gaji gidan."